Raunin Sake-Awo

A layin masu kayan gini, in ka tambayi shagon mai gilashi za a ce maka wanne, don su huɗu ne. Amma in ka ce Sake-Awo, ko baƙon da ya zo jiya zai nuna maka da baki. Shago ne mai ƙofa biyu, da babban tebur a tsakiya wanda aka shimfiɗa wa tsohon bargo. Gilasai na jingine a bango, madubai kuwa ta ko'ina, har in mutum ɗaya ya shigo sai ka rantse taro ake yi.

Sunan ba a banza ya same shi ba. In ka kawo masa awon tagarka a takarda, zai karɓa da hannu biyu, ya yi maka godiya, ya ninke ta ya sa a aljihu, sannan ya ɗauki tef ɗinsa na awo ya ce ku je ya gani da idonsa. In ya auna, ya sake aunawa. Kun kama hanyar dawowa, sai ya ce ka ɗan jira shi ya manta wani abu, ya koma ya auna na uku. Matarsa ta ce ko tela bai tsira ba: tela ya auna shi, ya dawo gida ya auna kansa, ya aika wa tela da gyara.

Shekararsa hamsin da biyu, talatin daga ciki a bakin teburin nan. Kuma a faɗi gaskiya, ya iya aikinsa, ba a taɓa dawo masa da gilashi an ce ya ƙi shiga ba. Wannan ne ma ya lalata shi, don mutumin da bai taɓa kuskure ba wuyar zama gare shi. Abin da yake yanka gilashi da shi wani ɗan ƙarfe ne mai tsawon biro, da 'yar ƙaramar taya a bakinsa. Alƙalami yake ce masa, a aljihun gaban rigarsa yake zama, kuma ba wanda ya taɓa riƙe shi sai shi.

Wanda ya fi kowa sanin haka shi ne ƙaninsa, Auta. Kada sunan ya ruɗe ka. Auta shekararsa arba'in da ɗaya, ga furfura a gemu ga 'ya'ya huɗu, amma tunda uwarsu ba ta sake haihuwa bayansa ba, haka zai tsufa da sunan. Shekara ashirin da biyu ke nan yana shagon. Shi ke buɗewa, shi ke goge gilashi, shi ke haɗa firam, shi ke ba mutane haƙuri in sun gaji da jira. Awo da yanka kuwa sai Yaya. Ko ɗaukar babban gilashi ba a yi da shi, don Sake-Awo ya ƙera wa kansa wata 'yar amalanke mai taya huɗu, saboda kada ya nemi hannun kowa.

Wata rana wani ɗan kwangila ya zo da aikin tagogi sittin. Ya tarar Sake-Awo ya tafi can ƙarshen gari auna tagar banɗaki guda ɗaya. Mutumin ya zauna awa biyu, Auta yana ta ba shi haƙuri da labarin duniya, har haƙurin ya ƙare, labarin ma ya ƙare. Ya tashi ya shiga shagon da ke kusa. Da Sake-Awo ya dawo aka gaya masa, cewa ya yi ba rabonsu ba ne.

Bayan kwana uku Auta ya ajiye wasu takardu a kan bargon.

"Yaya, ga wannan."

"Mene ne?"

"Fom ne. Makarantar koyon kasuwanci ce ke ɗaukar masu sana'a irinmu, mutum talatin a shekara. Safiya uku a mako, wata tara."

"To, kai za ka shiga? Madalla. Amma wa zai goge gilashi?"

"Kai za ka shiga, Yaya."

Sake-Awo ya yi dariya har madubai suka taya shi. "Ni? Me za su koya mini? A cikinsu akwai wanda ya taɓa yanka gilashi?"

"Ban san me za su koya maka ba, kuma wallahi ban damu ba. Abin da na sani, safiya uku ba ka nan. In sun ɗauke ka, ka bar mini shagon a waɗannan safiyoyin, to na zauna. In ba su ɗauke ka ba, ko ka ƙi zuwa, ni zan tafi in nemi nawa wurin. Ba faɗa ba ne, Yaya. Na dai gaji."

Sake-Awo ya ɗauka irin fushin Auta ne da ke wucewa kafin shayi ya huce. Sai da ya sunkuya ɗaukar tsumma ya ga jaka a ƙarƙashin benci, an zuge ta tsaf. Ya ɗaga kai ya dubi ƙusoshin bango inda gudumar Auta da filayarsa da sukundirebobinsa suke ratayewa, ya ga wayam. Bai taɓa tunanin shagon nan ba Auta ba, kuma da ya gwada tunanin, tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske. Ya ninke fom ɗin ya tafi da shi gida.

A gida aka miƙa shari'ar ga babbar 'yarsa, wadda kowa ke kira Lauya. Ba lauya ba ce, a kamfanin inshora take aiki, amma tun tana shekara biyar ba a taɓa cin ta gardama ba. Ta zaunar da ubanta a falo, ta ce ya fara cikewa da fensir ta gani. Allah ya so da fensir ne.

"Baba, nan sun ce ina kake ganin kanka nan da shekara biyar. Me ka rubuta?"

"Allah ne ya sani."

"Wannan ba amsa ba ce."

"Ƙarya na faɗa?"

Ta goge. "Nan kuma, mutum nawa ne a ƙarƙashinka, ka ce ɗaya. Wane iko ka ba shi, ka ce makulli."

"Ai makulli ba ƙaramin abu ba ne."

Shafi shida, sai da suka ci mako guda. Saura wasiƙar shaida, wadda dole wanda ya yi aiki da kai ya rubuta ya manne ambulan da kansa. Sake-Awo ya duba gabas ya duba yamma, a shekara talatin ba wanda ya yi aiki da shi sai mutum ɗaya. Auta ya rubuta, ya manne, ya miƙa masa. Yana fita Sake-Awo ya ɗaga ambulan ɗin yana hasko shi da rana, ya juya shi ta nan ya juya ta can. Takarda dai ba gilashi ba ce, bai ga komai ba.

Ranar jarrabawar rubutu mutum ɗari biyu ne a zauren, yawancinsu sa'annin Lauya. Aka ce kowa ya fito da alƙalaminsa. Sake-Awo ya kai hannu aljihu ya fito da nasa, ya ɗora bakinsa a kan takarda, sai da 'yar tayar ta gangara sannan ya ga abin da ya riƙe. Biron yana gida a kan talabijin. Wata mai ɗinkin labule da ke zaune kusa da shi ta ara masa nata, tana kallonsa kamar wanda ya zo da makami.

Tambayar da ta fi yi masa daɗi ita ce ta ƙarshe. Wai wani mai shago ne yake da ma'aikata, amma shi kaɗai ke yin komai, masu saye suna gajiya da jira suna gudu, a ba shi shawara. Nan Sake-Awo ya gyara zama. Shafi biyu ya cika yana wanke mutumin nan tas. Ya ce mai son kansa ne, ya ce bai san darajar mutane ba, ya ce ya kamata a zaunar da shi a gaya masa gaskiya ko da ba zai ji daɗi ba. Ya fito yana jin kansa sakayau, har yana ba Lauya labari yana cewa, "Akwai mutane a duniyar nan!" Lauya ta dubi uwarta, uwarta ta dubi silin.

Da ya koma shago Auta ya ce mutum biyar sun zo sun tafi, ba abin yanka. Sake-Awo ya ce mantuwa ce. Auta ya ce, "Haka ne, Yaya," ya ci gaba da goge madubin da ba ya buƙatar guga.

Abin mamaki, sunansa ya fito cikin mutum sittin da aka kira ganawa ta baki da baki. Daga sittin ɗin za a zaɓi talatin. Lauya ta mai da falo ɗakin ganawa: ta jawo teburin cin abinci, ta zauna a bayansa, ta zaunar da uwarta a gefe ta ce kada ta yi dariya. Ta koya masa shigowa, ta koya masa zama, ta hana shi cewa "yauwa" in an yi masa tambaya. Sannan ta haɗe fuska.

"Malam, faɗa mana babban rauninka."

Sake-Awo bai yi wata-wata ba ya naɗe hannun rigarsa na hagu. Tabo ne tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu, dogo, da sawun ɗinki a gefe da gefe.

"Baba! Ba wannan raunin ba! Rauni na hali, inda ka gaza, abin da ba ka iya ba."

"To ni ba ni da wannan."

Matarsa ta ce, "Maigida, ko in taya ka lissafi?"

Lauya ta ce ba a buƙatar gaskiya da yawa a irin wannan wuri. Dabara ita ce ka kawo abin yabo ka sa masa rigar aibi. Ta rubuta masa a takarda: Raunina shi ne na cika son aiki ya fita tsaf. Ya karanta, ya ce ai wannan gaskiya ce ma. Ta ce to ya haddace, kuma ranar ya sa riga mai dogon hannu, ya ɓalla maɓalli. Kwana goma yana maimaita jimlar, a wanka, a hanya, a bakin tebur, har wani mai saye ya taɓa amsa masa da "Allah ya sawwaƙe."

Ranar ganawa ya biya ta shago da safe, cikin farar riga mai dogon hannu da Lauya ta goge da kanta. Auta ya yi masa fatan alheri, ya dubi aljihun rigar inda kan alƙalamin ya ɗan leƙo. Sake-Awo ya ga kallon, ya yi kamar bai gani ba. Jakar tana nan a ƙarƙashin benci.

A makarantar an jera kujeru a wani dogon baranda, kowa da lamba a ƙirji. Tasa goma sha biyu. Na kusa da shi, wani mai sayar da tayoyi, ya rufe ido yana motsa baki. Sake-Awo ya ɗauka addu'a yake, har zai ce amin, sai ya ji abin da mutumin ke faɗa: "Raunina shi ne na cika son aiki ya fita tsaf." Ya juya ɗaya gefen. Wata mai gidan burodi tana karanta wata 'yar takarda a tafin hannu, ya saci kallo, ita ma aikinta tsaf take so ya fita. Ashe kowane gida da Lauyarsa.

"Lamba goma sha biyu!"

Mutum uku ne a bayan tebur. A tsakiya wata mace mai tabarau rataye da sarƙa, ita ce shugaba. A damanta wani dattijo mai sanƙo, a hagunta wani da bai ce uffan ba daga farko har ƙarshe, sai rubutu. An shimfiɗa gilashi a kan teburin, kuma tun kafin Sake-Awo ya zauna ya ga ya fi teburin da kusan rabin inci ta gefe ɗaya. Ya danne zuciyarsa. Ya gaishe su yadda aka koya masa, ya zauna, ya sake dannewa. Sai ya ji bakinsa yana cewa, "Ranki ya daɗe, wa ya yanka muku wannan?"

Mai Tabarau ta ce, "Malam, mu ne za mu yi tambaya."

"Yauwa."

Tambayoyin farko sun zo da sauƙi. Ya faɗi yadda ya fara, da yadda ake gane gilashi mai kyau, da dalilin da ba ya sayen madubin da bayansa ya fara tabo. Da aka zo shekara biyar ya faɗi abin da Lauya ta rubuta, ya ƙara da "in Allah ya kai mu" daga aljihunsa. Har ya fara jin daɗin zaman. Sai Mai Tabarau ta cire tabarau ta murza ido.

"Malam, faɗa mana babban rauninka. Amma kafin ka amsa, ka taimake mu. Daga safe zuwa yanzu mutum goma sha ɗaya sun shigo, dukkansu sun cika son aiki ya fita tsaf. In kai ma haka ne, ka nemo mana wani."

Kan Sake-Awo ya yi fayau. Kwana goma na hadda, an ƙwace masa a numfashi ɗaya. Ya lalubi wata amsar, babu. Ya dubi tagar ɗakin, ita ma ba ta zauna daidai ba, amma ba lokacinta ba ne. Mai rubutu ya ɗaga kai yana jira. To mutum in ya rasa ta cewa, abin da ya sani yake komawa. Hannunsa ya tafi kan maɓallin da Lauya ta ce kada ya taɓa, ya ɓalle shi, ya naɗe rigar har gwiwar hannu, ya ɗora hannun a kan gilashinsu.

"Ga shi, ranki ya daɗe. Ɗinki ashirin da bakwai. Na ƙirga sau biyu."

Mai Sanƙo ya tuntsire da dariya. "Malam, ba wannan raunin ake nufi ba."

"Na sani, ranka ya daɗe, 'yata ta gaya mini. Amma shi kaɗai ya rage mini."

Mai Tabarau ta mai da tabaranta ta leƙa tabon. "To ba mu labarinsa."

Labari ne da ya saba bayarwa, kuma kullum iska ce mai laifi. Shekara goma sha biyu da suka wuce mota ta kawo wani babban gilashi, ya fi ƙofa faɗi. Ya ɗauko shi, taku uku, iska ta buso, gilashin ya lanƙwasa ya fashe a hannunsa.

"Kai kaɗai ka ɗauka?" in ji Mai Tabarau.

"Ni kaɗai."

"Ba kowa a wurin?"

"Akwai ƙanina." Ya ɗan tsaya. Wannan ɓangaren ba ya cikin labarin da ya saba bayarwa. "Ya miƙo hannu ya ce, Yaya bari in kama. Na ce masa matsa, za ka fasa."

"Sai kai ka fasa."

"Sai ni na fasa. Shi ya cire rigarsa ya ɗaure mini, shi ya kai ni asibiti, jininsa aka ƙara mini. Har yau bai taɓa tuna mini ba."

"Da kake jinya wa ya riƙe shagon?"

"Ba a yi yanka ba, ranki ya daɗe. Mako shida. Yana zaune a bakin ƙofa yana ba mutane haƙuri."

Mai Sanƙo ya ce, "To bayan ka warke, wane darasi ka ɗauka?"

"Na ƙera amalanke."

Wannan karon har mai rubutu sai da kafaɗunsa suka girgiza. Sake-Awo ne kaɗai bai yi dariya ba, don a karon farko ya ji amsar da kunnensa, kuma kunya ce ta rufe shi. Ya dubi tabon, sannan ya ɗago a hankali.

"Ranka ya daɗe, mai shagon nan na jarrabawa..."

"Ka samu maki mai kyau a kansa," in ji Mai Sanƙo. "Mun ga alama ka san shi sosai."

Mai Tabarau ta nuna aljihunsa da biro. "Wancan fa, mene ne?"

"Alƙalamina ne. Da shi nake yanka."

"Guda nawa ne a shagon?"

"Shi kaɗai."

"To yanzu da kake nan, da me ƙaninka yake yanka?"

Ba ta jira amsa ba. Ta buɗe fayil ta ciro wata takarda, ya gane rubutun tun daga nesa. Ta ce a duk wasiƙun shaida da aka kawo musu wannan ce mafi gajarta, layi uku ce, kuma za ta karanta masa. "Yayana ya fi kowa iya aikinsa. Shekara ashirin da biyu ban taɓa ganin ya yi kuskuren awo ba. Na samu damar gani sosai, domin kallo ne aikina."

Ta mai da takardar cikin fayil. Suka ce za a aiko da sakamako nan da mako biyu. Sake-Awo ya tashi, ya yi godiya, ya fita da hannun riga ɗaya a naɗe ɗaya a sauke. A baranda mai tayoyi ya tare shi ya ce yaya ciki? Ya ce, "Ɗan'uwa, nemi wani raunin, wancan ya ƙare."

Ya iso shago da rana tsaka. Wani dattijo yana zaune a benci da firam ɗin hoto a cinya, Auta yana ba shi haƙuri. Sake-Awo bai ko zauna ba, ya ciro alƙalamin ya ajiye a kan bargo, ya ɗora tef a kusa da shi.

"Auta, sallami bawan Allahn nan."

Auta ya dubi alƙalamin, ya dubi yayansa. Ya auna firam ɗin sau ɗaya. Sau ɗaya! Sake-Awo ya ji kamar an taka masa ƙafa, ya kai hannayensa baya ya sarƙe su. Auta ya ɗora rula, ya tsoma bakin alƙalamin a kananzir, ya ja layi ɗaya ba tsayawa, ya kawo gilashin bakin tebur ya danna. Ƙas! Wanda ya yi shekara talatin a sana'ar ba ya buƙatar dubawa, ƙarar ta isa. Gilashin ya shiga firam ya zauna daram.

"A ina ka koya?"

"Kallo, Yaya."

Mako biyun nan Sake-Awo ya sha wuya. Ya zama kamar baƙo a shagonsa, yana zagaya tebur yana gyaran murya, in Auta ya ɗauki tef sai ya fita waje wai shan iska. Lauya da ta ji ya nuna tabo ta ce shi ke nan, ya zubar da aikin kwana goma. Auta kuwa yana ta yanka, amma jakar ba ta motsa daga ƙarƙashin benci ba, kuma Sake-Awo bai ga laifinsa ba. Sharaɗi sharaɗi ne, alƙalamin da aka bayar yau ana iya karɓe shi gobe.

Wasiƙar ta zo wata safiya. Ya karanta, ya sake karantawa, ya ba Auta ya karanta na uku. An ɗauke shi. A ƙasa wani ya ƙara da biro cewa in ya zo, ya zo da tef, teburin yana jiransa. Auta ya ce, "Barka, Yaya," ya ninke wasiƙar ya miƙa masa, ya koma kan aikinsa, don akwai babban madubi na wani shagon aski da ya yanka tun jiya, ga mota ta zo ɗauka.

Sake-Awo ya nufi lungun da amalanke take, kamar kullum. Har ya kama hannunta ya ji muryar ƙaninsa.

"Yaya, bar ta. Kama can."

Ya tsaya. Madubin ya fi ƙofa faɗi, sai an karkata shi. Ya saki amalanken, ya zo ya sa hannu a ɗaya gefen, hannun hagu a ƙasa. Da suka ɗaga sai ya ga shi ne ƙofa ke bayansa, shi zai yi tafiya da baya, ba ya ganin dakali, ba ya ganin titi, ba abin da yake gani sai gefen fuskar Auta. A cikin madubin kuma ya hango bangon shago, guduma da filaya sun koma kan ƙusoshinsu, jakar tana rataye a gefe ba komai a ciki. Idonsa ya kawo ruwa, ga shi ba hannun gogewa.

"Taka a hankali, Yaya. Saura taku uku ka kai dakali."

"Ka tabbata uku ne?"

"Uku ne."

Sake-Awo bai waiwaya ba. Ya taka.